Agogon da Ba Ya Jiran La'asar

Shekara ashirin da tara na yi ina sa ido a ɗakunan jarrabawa kafin in ajiye aiki, kuma aikin ya bar mini hali guda: ban yarda da hannun da ke ƙarƙashin tebur ba, ko da ƙafa mai shi yake sosawa. Na kama satar amsa a cikin hula, na kama a bayan robar ruwa, na kama a tafin hannun 'yar wani babban mutum da ba zan faɗi sunansa ba. Matata Rahmatu takan ce ko gishiri ta zuba a miya sai na leƙa tukunyar, kuma ba na musu. Ni a ganina mutum bai cika yin cuta ba sai ya tabbata babu mai kallonsa. Da wannan ra'ayin na shiga kwamitin zaɓen agogo.

Ƙungiyarmu ta masu wasan ces, darar Turawan nan mai sarki da sarauniya da doki, tana haɗuwa kowace Asabar a zauren wata makaranta a Unguwar Dosa. Ba mu kai mutum talatin ba. Yawancinmu ma'aikatan gwamnati ne da 'yan fansho irina, sai 'yan kasuwa uku ko huɗu, da mata shida da suka fi mu iya wasan amma ba mu cika faɗa ba. Bana muka ɗauko abin da ya so ya fi ƙarfinmu, muka ce za mu shirya gasa a watan Satumba, 'yan wasa su zo daga Zariya da Kano da Jos.

Ga wanda bai san abin ba, agogon ces fuska biyu gare shi, ɗaya taka, ɗaya ta abokin karawarka. In ka yi takunka ka danna, lokacinka ya tsaya, nasa ya fara tafiya. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ke da rinjaye a kan allo. Namu agogunan tsofaffi ne masu hannu, irin waɗanda ake murɗa wa maɓalli a baya, wasu ma sun girmi 'ya'yana. Sharaɗin gasar kuwa sai agogo mai batir mai nuna lambobi, wanda ke ƙara wa mutum sakan talatin duk lokacin da ya yi taku. Guda goma sha biyar muke bukata, iri ɗaya.

Mu uku aka ɗora wa zaɓen. Da ni, da Ubaidullah, wani matashi mai shagon kayan lantarki a Kinkinau wanda shi zai yo odarsu daga Legas, sai Alhaji Dauda. Dauda abokina ne tun muna samari muna haya a gida ɗaya a Unguwar Sarki, kuma shi ya koya mini ces a kan allon da ya zana a bayan kwali. Shekara goma sha shida shi ne alƙalin wasanmu, shi kuma aka sa zai yi alƙalancin gasar. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin wani ya ce Dauda ya karkata ba, ko a kan ɗan'uwansa ne. Bai gina bene ba, bai hau mota mai kyau ba. Sunan nan na mai gaskiya shi ne abin da ya tara, kuma yana ji da shi.

Asabar ta farko a watan Agusta Ubaidullah ya zo da samfuri uku ya jera a kan tebur. Akwai ja, mai tsada, irin wanda muke gani a hotunan manyan gasa. Akwai mai ruwan toka, mai faɗi, lambobinsa manya-manya. Sai wani baƙi ɗan ƙarami, mummuna, in ka danna shi sai ya ce ƙwas har na teburin gefe ya ɗago kai.

"Baba, ku duba da kyau," in ji Ubaidullah. "Amma ni in ta ni ce, mai ruwan tokan nan ba shi da na biyu."

"Guda nawa ka riga ka jibge a shago?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Haba Baba Sanda. Wallahi wannan ɗayan ne kawai."

Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Na ɗauki agogunan ɗaya bayan ɗaya na yi musu binciken da nake wa aljihun ɗalibi. Na gwada ƙarin sakan talatin ɗin da agogon hannuna, na girgiza su, na buɗe gidan batir, na danna ɓangarorin biyu a tare in ga wanda zai rikice. Takardar bayanin mai ruwan toka na fara karantawa, amma rubutun ƙanana ne ƙwarai, Turancin kuma kamar an zuba shi a turmi an daka, sai na bar ta a shafi na biyu. Dauda kuwa tashi ya yi ya dogara sandarsa har ƙarshen zauren, ya waiwayo ya ce daga can yana iya karanta lambobin mai ruwan tokan ba tare da ya sunkuya a kan 'yan wasa ba, kuma alƙali abin da yake so ke nan. Biyu suka rinjayi ɗaya. Na ce to, amma sai an gwada shi a wasa na gaske tukuna.

Muna da wata al'ada da ba mu taɓa tunanin rubuta ta ba don kowa ya san ta. In aka kira La'asar, alƙali ya ce a tsai da agogo, kowa ya bar allonsa yadda yake. Maza mu tsallaka titi mu gangara masallacin unguwa, mata su shiga ajin da ke gefe. Da alwala, da jiran liman, da gaishe-gaishen bakin masallaci, mukan ci minti ashirin da biyar, wani lokaci rabin awa. Dauda kaɗai ke zama a zauren. Gwiwoyinsa sun ƙi shekara huɗu ke nan, gangaren da matakalar masallacin sun fi ƙarfinsa, sai ya juya kujerarsa gabas ya yi sallarsa a zaune. Da tsofaffin agogunan ba mu taɓa samun matsala ba, ka daidaita maɓallan biyu su tsaya cik, ko gobe ka dawo haka za ka same su.

Wasan gwajin ni na buga shi da Na'ima, 'yar Dauda, malamar lissafi a wata sakandare. Tun tana aji uku take cinye ni, yanzu kuwa har ta yi aure ta haihu ban rama ba. Amma ran nan na jefa ta cikin wani lissafi da dokina, ta dafe kai tana tunani, lokacinta yana zuba. Da aka kira salla saura mata minti huɗu, ni ina da talatin da takwas. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya cika ni. Ubaidullah ya danna maɓallin tsakiya, lambobin suka tsaya suna ƙiftawa, muka fita.

Ana sallamewa ban tsaya gaisawa da kowa ba, na zari takalmina na hayo. Ni na fara shiga zauren. Na tarar da Dauda a tsaye a kan teburinmu, ya jingina sandarsa, agogon yana hannunsa. Na leƙa fuskar. Awa ɗaya a ɓangarena, awa ɗaya a ɓangaren Na'ima, kamar ba a taɓa fara wasa ba.

"Me ya faru?" na ce.

"Mutuwa ya yi. Na sallame na waiga na ga fuskar babu komai, na taso na danna, ya dawo haka."

"Shi kaɗai ya mutu?"

"Shi kaɗai."

Ya ajiye shi, ya ɗauki sandarsa. Na dubi idonsa ban ga komai ba, amma waɗanda suka ƙware ma ba a ganin komai a idonsu. Na'ima ta shigo tana gyara mayafi, ta ga abin da ya faru, nan take ta ce, "Baba Sanda, ai ba wani abu ba ne. Minti huɗu gare ni, kai talatin da takwas. A mayar." Wani zai ce wannan ya isa ya kwantar mini da hankali. Ni kuwa cewa na yi a raina na san salon, in an kama ɗaya sai ɗayan ya yi saurin nuna gaskiya. Aka mayar da lokacin. Da minti huɗun nan nata ta kama sarauniyata, ta rufe wasan, ta ce in yi haƙuri.

Da na koma gida na ba Rahmatu labari tana tsince shinkafa. Ta saurara har na gama, sannan ta ajiye faifan.

"Abban Suhaib, Alhaji Dauda fa kake magana."

"Na san wanda nake magana."

"Mutumin da ya kwana uku a asibiti a kanka? A kan wasan da ko kofi babu zai zubar da girmansa?"

"Wanda zai taɓa agogo a wasan da babu kofi, me zai yi ranar da akwai kofi, 'yarsa kuma tana ciki?"

"Ka ga ya taɓa don ya cuce ka, ko ka gan shi riƙe da shi?"

Na ce ita ba ta san waɗannan abubuwan ba. Ta ce gaskiya ne, ita dai ta san Dauda, ta ɗauki faifanta ta ci gaba. Na ji haushin maganar.

Ranar Talata na hau Keke Napep har Kinkinau. Ubaidullah ya ɗauko agogon daga ƙarƙashin kanta, ya kunna, ya tsai da shi a gabana. Muka zuba masa ido. Wata mata ta shigo sayen ƙwan fitila, ya sallame ta, ya dawo, lambobin na nan suna ƙiftawa.

"Ka gani, Baba? Minti uku ke nan. Ba ya mutuwa sai an danna nan an riƙe."

"An riƙe?"

"An riƙe kamar sakan uku. Ba abin da hannun riga zai goga ya kashe ba ne." Sai ya ga fuskata, ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Wataƙila dai Baba Dauda kuskure ya yi."

Yaron kayansa yake karewa, na san da haka, kuma a kowace rana ta daban da na tuhume shi da farko. Amma ran nan abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da nake so in ji, sai na karɓa ban juya shi ba. Na fito daga shagon ina jin na haɗa hujja.

Asabar ta biyu na zo da fensir. Wasu mutum biyu daban aka ba agogon, Na'ima ba ta ciki. Da aka kira salla na tsaya kamar ina gyara takalmi har aka ragu, na zagaye gindin agogon da siririn layi a kan tebur, yadda in an ɗaga shi zan gane. Muka je muka dawo. Fuskar agogon babu komai, ya mutu murus. Dauda yana can kan kujerarsa da carbi, ya ce, "Ga shi nan ya sake. Wannan karon ban taɓa ba, na bar muku ku gani."

Na duba layina, agogon bai gusa ko kaɗan ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce ai ana iya dafe shi da hannu ɗaya a danna da ɗayan. Kuma tunda 'yarsa ba ta cikin wasan, me zai fi wanke shi irin agogon ya sake mutuwa? Duk abin da ya faru sai na juya shi ya zama shaida a kansa. Da agogon ya rayu, da na ce don Dauda ya ga ina sa ido ne.

Bayan wasa aka zauna taron shirin gasa, kusan mutum ashirin. Aka yi maganar kujeru, aka yi maganar masaukin baƙi. Sai na ɗaga hannu.

"Ina da shawara biyu," na ce. "Ta farko, ranar gasa in an tafi salla a kulle zauren. Kada a bar kowa shi kaɗai da agogo, ko wane ne."

Mutum ɗaya ne ke zama shi kaɗai da agogo, kuma kowa ya san shi.

"Ta biyu, tunda wasunmu suna da 'ya'ya a cikin gasar, ko za a duba a nemo alƙali daga Zariya. Don gudun surutun baƙi."

Ban kalli Dauda ba sai da na gama. Ya cire tabarau, ya goge shi da bakin rigarsa a hankali, ya mayar. Ya ce wa mai rubuta bayanin taro, "A rubuta ta farkon, shawara ce mai kyau. Ta biyun kuwa ku yanke ba na nan, don a kaina take." Ya dafa tebur ya miƙe. Na'ima ta ɗauki jakarsa ta bi shi. Yarinyar da tun tana rarrafe ba ta taɓa wuce ni ba ta gaishe ni ba, ran nan ta gabana ta bi ba ta ce uffan ba. Taron ya ɗage shawara ta biyu zuwa mako biyu, amma na ga yadda mutane suka fara kallon juna. Wani ma ya raɗa mini a bakin ƙofa cewa shi ma akwai wani wasa shekara uku da suka wuce da har yanzu bai gane yadda aka yi ba. Ban ji daɗin maganar ba. Na buɗe ƙofar da ban san yadda zan rufe ba, kuma ba ni da komai a hannu sai zato.

Don haka na ƙudura sai na gani da idona. Ban gaya wa Rahmatu ba.

Asabar ta uku an yi ruwa da safe. Na ɗauka Dauda ba zai zo ba, amma ya zo, ya yi alƙalancinsa kamar kullum, sai dai bai zauna kusa da ni ba. Na sa aka ajiye teburin agogon gwaji kusa da tagar baya, na ce don haske. Da aka kira salla na fita tare da jama'a, a bakin get na ce na manta wayata, su wuce. Na zagaya bayan zauren, inda maigadin makarantar ya shuka masara, na kutsa cikinta takalmina yana nutsewa a taɓo, na tsaya a gefen tagar inda gilashi ɗaya ya fashe. Ni, dattijo mai jika huɗu, a laɓe cikin masarar mutane. Na ji an ta da iƙama a lasifika. Kunya ta kama ni, na san jam'i nake bari ya wuce ni don in kama abokina, amma ban motsa ba.

Dauda ya ja kujerarsa. Bai ajiye ta inda ya saba ba, sai ya yi ta janta yana hutawa har can kusurwar da ta fi nisa da kowane tebur. Ya zauna ya yi kabbara. Agogon yana gabana, bai fi taku biyu daga tagar ba, lambobinsa suna ƙiftawa. Na duba agogon hannuna don sabo. Minti biyar. Minti takwas. Sauro ya samu ƙafata na ƙyale shi. Ido ɗaya a kan Dauda, ɗaya a kan tebur, yadda na saba raba su a ɗakin jarrabawa.

Minti goma cif da tsai da shi, lambobin suka ƙifta sau ɗaya suka ɓace. Babu wanda ke kusa. Dauda yana zaman tahiya a can ƙarshen zauren, bayansa ma agogon yake kallo.

Allah ya gafarta mini, abin da na fara ji ba farin ciki ba ne. Ji na yi da ma ya taɓa. Da ya taɓa, da ni ne mai gaskiyar da ya yi abin da ya wajaba ko a kan abokinsa. Yanzu kuwa ni ne kawai tsohon da ya ɓata sunan mutum a gaban jama'a saboda yarinya ta cinye shi a wasa. Ina cikin wannan Dauda ya yi sallama ta dama, ya juyo ta hagu, fuskarsa ta sauka daidai kan tagar. Muka haɗa ido. Bai razana ba. Ya ɗan dube ni, sannan ya mai da kansa gabas ya ɗauki carbinsa.

Na zagayo na wanke ƙafata a famfo, na yi alwala, na yi La'asar ni kaɗai a baranda. Da jama'a suka dawo na tsaya a tsakiyar zauren da taɓo a bakin wandona, na faɗi duk abin da na yi da abin da na gani. Ubaidullah ya zaro takardar bayanin, ya haska ta da fitilar waya, ya yi ta bi har shafin ƙarshe. Ga shi nan a ƙasa, a cikin ƙananan rubutun da na ƙi karantawa: in aka tsai da agogon minti goma ba a taɓa shi ba, zai kashe kansa don tattalin batir, in an kunna kuma ya koma farko. Wanda ya ƙera shi bai yi tunanin akwai mutanen da za su bar wasa a tsakiya su tafi salla ba. Mu kuwa da muke yin haka kowace Asabar, mun gwada shi a kan komai ban da wannan.

"Minti uku na gwada maka, Baba," in ji Ubaidullah, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi ban sani ba."

Ban saurare shi ba. Na je gaban Dauda na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa sa'ana ba, na ce, "Na zalunce ka. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, a gaban mutanen nan, ina roƙonka gafara a gabansu."

"Tashi," ya ce. "Ba komai. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya faɗe ta da sauƙi, har da ɗan murmushi. Da ya zage ni da na fi samun natsuwa.

Zaɓen agogon kansa bai ɗauki lokaci ba bayan haka. Asabar ta gaba muka jera ukun a kan tebur, muka kunna su, muka tsai da su, muka tafi La'asar. Da muka dawo mai ruwan toka ya mutu kamar yadda ya saba. Ja da baƙi suna nan a farke. Muka bar su har aka kira Magariba ba su gaji ba. Jan ya fi ƙarfin ƙungiya, sai muka ɗauki baƙin nan mummuna mai cewa ƙwas, wanda tun farko babu mai kallonsa. Ubaidullah ya ce daga yau duk agogon da za a kawo masa sai ya fara yi masa gwajin La'asar, aka yi dariya, ban da ni.

A taron ranar na janye shawarwarina biyu. Ta neman alƙali daga Zariya aka watsar nan take, mutumin da ya raɗa mini maganar wasan shekara uku ma shi ya fi kowa ɗaga murya cewa a watsar. Amma da aka zo kan ta kulle zaure, Dauda ya ce a bar ta. Na ce ni na kawo ta, kuma na janye. Ya ce ta riga ta shiga rubutu, kuma tunda har an taɓa tunanin ta, gara ta zauna. Haka aka bar ta.

Ranar gasar zauren ya cika, tebur goma sha biyar, baƙaƙen agoguna goma sha biyar suna ta ƙwas-ƙwas. Dauda ya sa farar shadda, yana bi tsakanin tebura da sandarsa, yana sunkuyawa a kan kowane agogo don lambobin ƙanana ne. Aka kira La'asar. Ya ɗaga hannu ya ce a tsai da agogo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Kowa ya fita. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira in ga ya ja kujerarsa, don na riga na roƙi maigadi ya shimfiɗa masa darduma a wurin da ya saba. Sai na ga ya fito shi ma, ya ja ƙofar, ya sa kwaɗo ya datse.

"Dauda, ka koma mana. Ga kujerarka can. Gangaren nan ba zai yi maka ba."

"An ce kada a bar kowa shi kaɗai da agogo."

"Ni na ce, kuma ƙarya na yi."

"To ai an rubuta."

Ya miƙo mini makullin a gaban baƙin Kano da ke sa takalma. "Riƙe a wurinka, Malam Sanda." Shekara arba'in da wani abu muna tare, bai taɓa sa mini Malam ba sai ran nan.

Na karɓa. Muka tsallaka titi, masu babur suna kauce masa. A gangaren sai da ya tsaya sau uku, yana cije leɓe, gumi yana bin wuyan shaddar. Jama'a suka wuce mu, aka ta da salla, muka ji liman ya yi raka'a ta farko, ya yi ta biyu, muna tafe. Ina dai tafiya a gefensa da makullin a tafin hannuna.

A gindin matakalar masallacin na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, sannan ya mai da sandarsa hagu, ya kama ƙarfen gefe da dama, ya fara hawa shi kaɗai.